Takardar Jan Kunne a Fayil ɗin Hafsa: Ana Iya Cire Ta?

TAMBAYA

Ni ɗan Arewa ne mazaunin Amurka. Bayan na samu takardar zama na shiga sojan ƙasa a matsayin kurtu, na zama ɗan ƙasa, daga baya na yi kwas na zama hafsa. Yanzu shekarata 13 cikin kaki, 9 daga ciki ina hafsa, kuma muƙamina kyaftin.

Lokacin da nake kwamandan kamfani, na'urar hangen dare guda ɗaya ta ɓata a sitonmu. Aka kafa bincike. Mai binciken ya gano cewa wata biyu a jere na sa hannu a takardar ƙidayar kaya cewa na duba lambar kowace na'ura da idona, alhali sajen sito ne ya kawo mini takardar a cike, ni dai hannu na sa. A lokacin muna ta shirin atisaye, ko barcin kirki ba na samu. Janar ya ba ni takardar jan kunne da ake kira GOMOR, aka ce in ba da amsa cikin kwana 7. Raina a ɓace yake, ban nemi lauya ba, na zauna cikin dare na rubuta cewa laifin saje ne, kuma kowa haka yake yi. Janar ya ba da umarni a ajiye takardar a babban fayil ɗina na dindindin.

Yau wata 14 ke nan. A tsakani asirin sajen ya tonu, ya amsa cewa shi ya sace na'urar ya sayar, kotun soja ta hukunta shi. Ni kuma an canja mini wurin aiki, sabon kwamandana ya rubuta mini rahoto mai kyau ƙwarai. Baɗi ne kwamitin ƙarin girma zai duba fayil ɗina domin zama manjo. Tun da ɓarawo ya bayyana, ba sai a cire takardar nan ba? Wa zan rubuta wa? Sannan akwai abin da ke ci mini rai: ina zargin da a ce ni ba baƙo ba ne, da sunana ba irin wannan ba ne, da a fayil ɗin bariki za a ajiye ta har ta shuɗe. In faɗi haka a takardar koken? Mahaifiyata ba ta san komai ba, har yanzu tana gaya wa mutane ɗanta ya kusa zama manjo.

Ɗan'uwanku, wani kyaftin, daga Amurka.

AMSA

Kyaftin, Allah Ya yaye maka wannan damuwa, Ya sa ka ga bayanta.

Kama sajen ya wanke ka daga sata. Amma bisa abin da ka rubuto da hannunka, janar bai tuhume ka da sata ba. Ya ja maka kunne ne a kan ka sa hannu cewa ka ga abin da ba ka gani ba, kuma wannan kai ma ba ka musa ba. Duk shawarar da zan ba ka a kan wannan ta ginu, saboda haka kafin ka ci gaba da karatu, ɗauko takardar janar ɗin ka karanta ta jimla bayan jimla, ka ja layi a ƙarƙashin kowane zargi da ke cikinta. Da waɗannan kalmomin za ka yi shari'a, su kaɗai.

Bari in ɗan yi wa sauran masu karatu bayani, don ba kowa ya san nauyin wannan takarda ba. A sojan ƙasan Amurka, GOMOR ba hukuncin kotu ba ce. Ita kanta takardar takan faɗa a cikinta cewa mataki ne na gudanarwa, ba horo ba ne ƙarƙashin sashe na 15 na dokar shari'ar soja. Babu alƙali, babu yi wa shaidu tambayoyi, babu buƙatar a kawar da duk wani kokwanto kamar yadda ake yi a kotu. Ya isa mai bincike ya ga hujja ta fi rinjaya zuwa gefe ɗaya. Da wannan sauƙin ake ba da ita, amma tana iya kashe aikin hafsa kamar yadda hukuncin kotu zai kashe shi. Ƙa'idar da ke tafiyar da ita, AR 600-37, ta ba janar zaɓi bayan ya karanta amsar sojan: ko ya janye takardar, ko ya ajiye ta a fayil ɗin bariki inda ba ta wuce wata 18, ko ya aika da ita babban fayil inda duk kwamitin ƙarin girma zai gan ta. Kwana 7 ɗin nan da aka ba ka su ne dama mafi araha a duk tafiyar, don a lokacin mutum ɗaya kawai kake buƙatar ka tausasa wa zuciya. Ban faɗi haka don in fama maka ciwo ba. Na faɗa ne don amsar da ka rubuta cikin fushi tana nan liƙe da takardar a fayil, kuma duk wanda zai duba kokenka sai ya karanta ta. Dole sabon rubutunka ya san da zamanta.

Wurin da za ka kai kuka yanzu shi ne hukumar da ake kira DASEB, wadda ke ƙarƙashin ofishin hukumomin bita na sojan ƙasa a Arlington, jihar Bajiniya. Tana sauraron hafsoshi da manyan sajoji da ke bakin aiki. Ba a bayyana a gabanta, ba za su ga fuskarka ba, ba za su ji muryarka ba. Takarda ce kawai za ta yi magana a madadinka. Kuma abu biyu ake roƙo a wurinta, waɗanda mutane ke yawan cakuɗa su.

Na farko shi ne a cire takardar ɗungurungum. A nan ƙa'ida ta ɗauka cewa duk abin da ya shiga fayil bisa tsari daidai ne, nauyin kawo hujja kuma a wuyanka yake. Hujjar ma ba kowace iri ba, sai bayyananna mai gamsarwa wadda ke nuna cewa abin da aka rubuta ƙarya ne ko zalunci ne, duka ko wani ɓangare. Ka lura da rashin daidaiton: an ɗora maka takardar da hujja mai ɗan rinjaye, amma ba za a sauke maka ita ba sai da hujja mai ƙarfi fiye da haka. Ni dai ban ga adalci a wannan ma'auni ba, amma shi ne a ƙasa, da shi za a auna ka. Rahoto mai kyau, lambobin yabo, wasiƙun abokai masu cewa kai mutumin kirki ne, duk ba sa buɗe wannan ƙofa, don ba su nuna cewa ka ƙirga kayan ba.

Na biyu shi ne a ɗauke takardar daga ɓangaren fayil da kwamitin ƙarin girma ke buɗewa, a mai da ita killataccen ɓangare. A nan ba ka cewa an yi maka ƙarya. Cewa kake yi jan kunnen ya yi aikin da aka yi shi dominsa, ka gyaru, kuma amfanin rundunar ne a bar ka ka ci gaba. Sharaɗin shiga shi ne shekara ɗaya ta wuce da ba ka takardar, kuma ka samu aƙalla rahoton aiki ɗaya wanda ba na makaranta ba. Da wata 14 da rahoton sabon kwamandanka, ka cika sharaɗin.

Ba a hana mutum ya roƙi na farko, ya ce in bai samu ba a ba shi na biyu, lauyoyi ma sukan yi haka. Amma a irin lamarinka taura biyu ba ta taunuwa. Ba zai yiwu shafi na ɗaya ya ce ban yi laifi ba, shafi na biyu ya ce na yi nadamar laifina. Masu karantawa manyan hafsoshi ne da suka riƙe kamfani da bataliya, sun san yadda ake ƙidayar kaya, sun san ma'anar sa hannun kwamanda. Suna ganin ka sake jingina komai ga saje, za su ce wannan har yanzu bai ji jan kunnen ba, su rufe fayil. Shawarata ita ce ka tsaya a ƙofa ta biyu da ƙafafunka duka.

Wannan ba ya nufin shari'ar sajen ba ta da amfani gare ka. Tana da shi, in ka san inda za ka sa ta. Ka nemi takardun shari'arsa da cikakken fayil ɗin binciken da aka yi a kanka, dokar 'yancin samun bayanai ta 1966 da dokar sirrin bayanan mutum ta 1974 sun ba ka hanyar nema. Abin da za ka duba shi ne ranar da ya ce ya ɗauke na'urar. In ya ɗauke ta ne bayan watanni biyun da ka sa hannu, to ko da ka ƙirga da idonka da ka same ta a wurinta, kuma in takardar janar ta ce sakacinka ne ya jawo ɓatan, wannan jimlar ba gaskiya ba ce, kana da damar neman a gyara ta, tun da ƙa'idar ta yarda da cire wani ɓangare. Haka nan in akwai kalmar da ke nuna ka haɗa baki da shi ko ka rufa masa asiri. In kuwa ya ɗauke ta kafin ka sa hannu, gaskiya ta fi ɗaci, don da ka duba da ka gano da wuri. Ko a hakan, amsa laifinsa ya nuna cewa mutum ne da ya shirya yaudara, ya kawo maka takardar ƙarya da gangan. Ka ambaci wannan sau ɗaya, a taƙaice, a matsayin bayanin yadda abin ya faru, sannan ka dawo kan naka.

Maganar "kowa haka yake yi" kuwa, ba ƙarya ka faɗa ba. A 2015 wasu malamai biyu na Kwalejin Yaƙi ta sojan ƙasan Amurka, Leonard Wong da Stephen Gerras, sun wallafa bincike da ya tayar da ƙura, inda suka nuna yadda yawan umarni da rahotanni ya sa hafsoshi suka saba da sa hannu a kan abin da ba su yi ba. Sun kawo wani lissafi na 2002 da ya gano cewa horon dole da ake ɗora wa kwamandan kamfani yana cin kwana 297, alhali kwanakin horo da yake da su a shekara 256 ne. Rundunar ta san da wannan ciwo, kuma tana da nata kason laifin. Sai dai wannan magana ce ta gyaran tsari, ba ta kare kai ba. Wanda ya rubuta ta a takardar koke kamar yana cewa ne sa hannunsa ba shi da daraja, shi kuwa muƙamin manjo da kake nema kusan duk aikinsa takardu ne da kanar zai dogara da su ba tare da ya bincika ba.

To me za ka sa a cikin koken? Zuciyarsa ita ce bayaninka, kada ya wuce shafi ɗaya ko biyu. Ka faɗi abin da ka yi da sunansa: na sa hannu a kan ƙidayar da ban yi ba, sau biyu. Ka faɗi cewa amsarka ta farko cikin fushi ka rubuta ta, kuma yau ba haka kake kallon lamarin ba. Sannan ka nuna abin da ya canja a aikace. In a sabon wurinka an damƙa maka kaya ko kuɗi ko wani abin amana, an zo an bincika an samu komai cif, kawo takardar binciken. In ka tsaya gaban ƙananan laftanoni ka ba su labarin kuskurenka don kada su faɗa ciki, a samu wanda zai shaida. Wasiƙun goyon baya su fito daga waɗanda kake ƙarƙashinsu yanzu, kuma kowace ta nuna ƙarara cewa marubucin ya karanta takardar jan kunnen, ya san abin da ka yi, duk da haka ya amince da kai. Wasiƙar da ta yabe ka ba tare da ta ambaci laifin ba, hukumar za ta ɗauka mai ita bai sani ba ne.

Wasiƙa ɗaya ta fi sauran nauyi, ita ce ta janar ɗin da ya ba ka takardar. Na san zuciyarka ba za ta so ba. Ka daure ka rubuta masa cikin ladabi, ko ya canja wuri ko ya yi ritaya, ka gaya masa abin da ya faru da sajen da abin da ka yi tun daga lokacin, ka roƙe shi ya shaida cewa manufarsa ta cika. Ƙa'idar ma ta ba wanda ya sa aka ajiye takarda damar neman a gyara ta ko a cire ta in bincike na baya ya nuna akwai kuskure a ciki. In ya ƙi ko ya yi shiru, ba ka yi asarar komai ba. In ya amsa, ka samu abin da babu lauyan da zai iya rubuta maka.

Yanzu batun zarginka. Ba zan ce maka babu wariya ba, baƙo mai suna irin namu ya san abin da yake gani a wurin aiki, kuma ba ni da hurumin ƙaryata abin da ka ji a jikinka. Amma hukumar ba ta aiki da zato. In kana da wani hafsa a runduna ɗaya, ƙarƙashin janar ɗaya, da ya yi laifi irin naka aka ajiye tasa a bariki, ko kana da wanda ya ji wata magana ta ƙabilanci ko ta addini daga bakin mai bincike kuma zai rubuta ya yi rantsuwa, to wannan hujja ce ta zalunci, kuma tana iya mai da kai ƙofa ta farko da ƙarfinka. Kai wa lauya ita ya auna. In kuwa ba ka da ko ɗaya, kada ka rubuta. Zargi marar shaida zai rushe nadamar da ka gina a shafin farko, ya kuma sa janar ɗin da kake neman wasiƙarsa ya juya maka baya.

Akwai abin da ba na so ka gano shi daga baya ka ce ba a faɗa maka ba. Mai da takarda killataccen ɓangare ba gogewa ba ne. Dokar kasafin tsaro da aka sa wa hannu a Disamban 2019 ta faɗaɗa wani tanadi, ta yadda duk sakamakon bincike da ya tabbatar da laifi a kan hafsa na dindindin dole a gabatar da shi ga kwamitin da ke duba ƙarin girma zuwa sama da kyaftin. Wato ko an ɗauke GOMOR daga idonsu, taƙaitaccen bayanin binciken yana iya isa gare su ta wata hanya. Amfanin nasararka a DASEB shi ne su ga wata hukuma ta duba ta ce ka gyaru. Kana kuma da damar rubuta wa shugaban kwamitin ƙarin girma wasiƙa kai tsaye kafin ranar da sanarwar zaman ta ƙayyade, ita ma da murya ɗaya da ta koken. Ka sani kuma cewa in an tsallake ka kafin a amince da koken, sauya wa takardar wuri ba ya sa a sake duba ka a zaman da ya wuce. Cirewa gaba ɗaya ce ke iya buɗe hanyar kwamiti na musamman.

Shi ya sa lokaci ke da muhimmanci. Shekara ɗaya da rahoto ɗaya mafi ƙarancin sharaɗi ne, hukumar na iya cewa lokaci bai yi nisa ba, kuma ƙin amincewarta yana barin alama a fayil. In rahotonka na biyu ya kusa, jira shi ka haɗa. In sai dab da zaman kwamitin zai fito, kada ka jira, don irin waɗannan koke-koke watanni suke ɗauka. Ka kuma buɗe rahoton aikin da aka rubuta maka na lokacin da kake kwamandan kamfani. In an ambaci lamarin a ciki, wannan takarda ce dabam, hanyar ƙalubalantarta dabam, ƙarƙashin AR 623-3, kuma wa'adinta shekara 3 ne. Mutane da yawa sukan yi ta fama da GOMOR su manta da rahoton da ke faɗin magana iri ɗaya a shafi na gaba.

Ka shirya wa abu biyu da ka iya tasowa. Ofishin kula da ma'aikatan sojan ƙasa da ke Fort Knox a jihar Kentaki yana iya cewa ka kawo dalilin da zai sa a ci gaba da riƙe ka a aiki. Tun da ka wuce shekara 6 kana hafsa, kana da haƙƙin tsayawa gaban kwamitin hafsoshi uku da suka girme ka, da lauya da shaidu, kuma a nan ne shari'ar sajen za ta yi maka aiki sosai. Na biyu, kyaftin da aka tsallake sau biyu doka ta ce a sallame shi, sai in an zaɓe shi ya ci gaba ko ya rage masa shekara biyu ya kai ritaya. Da shekara 13, ba ka kai wannan inuwar ba. Kowane zama yana da tsada gare ka.

In DASEB ta ƙi, sama da ita akwai ABCMR, hukumar fararen hula mai gyara bayanan soja. Majalisar dokokin Amurka ce ta kafa irin waɗannan hukumomi a 1946, don kafin nan sai an yi wa soja doka ta musamman da sunansa kafin a gyara masa fayil. Ana nema da fom DD 149 cikin shekara 3 da gano kuskuren ko zaluncin, ko da yake tana iya ɗaga wa'adin in adalci ya buƙaci haka. Ikonta ya fi faɗi, tana duban adalcin lamarin gaba ɗaya, amma ba ta karɓarka sai ka bi ta ƙasa tukuna. Bayanta sai kotun tarayya, wadda ba ta sake shari'ar, sai dai ta duba ko hukumar ta yi son kai ko ta kauce wa doka.

Game da mahaifiyarka, ka gaya mata. Ba sai ka shiga bayanin dokoki ba, ka ce ka yi kuskure a wurin aiki, an ja maka kunne, ƙarin girman na iya jinkiri, kana neman addu'arta. Gara ta ji daga bakinka yanzu da ta ji shiru baɗi ta rasa abin da za ta ce wa mutanen da ta yi wa albishir. Kai ma za ka fi samun natsuwar rubuta bayaninka in ka riga ka faɗi maganar da baki ga wanda kake jin nauyi.

Kada ka sake zama kai kaɗai cikin dare ka rubuta takardar da makomarka ta rataya a kanta. A barikinku akwai ofishin taimakon shari'a da na lauyoyin kare soja, duka kyauta ne. In za ka ɗauki lauya mai zaman kansa, nemi wanda ya saba da waɗannan hukumomi, ka guji duk wanda ya yi maka alkawarin nasara. Cikin makon nan ka je da takardar janar, da amsarka ta farko, da rahotannin aikinka duka, ka kuma shigar da neman takardun shari'ar sajen tun yau, don su ne suka fi ɗaukar lokaci kafin su zo. Ka rubuto mana yadda ta kaya. Allah Ya ba da sa'a.